Gwaggo da Iyayen Masu Farfaɗiya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggo ta cika ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta da ke gidanmu na gado a Kazaure, bayan doguwar jinyar ƙafa da hawan jini. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni aka ba ta tun daga yaye, saboda haka da aka shimfiɗa tabarmin makoki a tsakar gida, ni aka zaunar a wurin 'yar mamaciya, ni ake yi wa gaisuwa.

Na sha zaman makoki a rayuwata, amma ban taɓa jin irin gaisuwar da aka yi mini a kwanakin nan ba. Wata mata ta zo daga Gwiwa, ta durƙusa a gabana tana hawaye.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Wallahi tun ranar da ta zaunar da ni ta yi mini magana, ban ƙara yin barci mai nauyi ba."

Na ce amin. Yabo ne ko ƙorafi? Fuskarta ba ta nuna ba, kuma ina jin ita kanta ba ta sani ba. Ba a jima ba ƙanena ya leƙo daga wajen maza, ya ce wani dattijo daga Roni ya ce a gaya mini ɗansa na nan da rai, har yana sayar da hatsi a kasuwar Babura, kuma bayan Allah babu wanda ya tsaya masa sai Gwaggo. Sai kuma wata doguwar mata daga Kanya Babba. Ita ko zama ba ta yi ba. Daga bakin ƙofa ta yi addu'arta, aka miƙa mata ruwa ta girgiza kai, ta juya.

Mahaifiyata ta matso kusa da kunnena. "Wannan kuwa lafiya? Kin san ta?"

Na san ta. Dukkansu ukun na san su, domin abu ɗaya ya haɗa mu: kowannenmu ya haifi mai farfaɗiya, kuma kowannenmu Gwaggo ta taɓa zaunar da shi ta gaya masa cewa ciwon nan yana iya kashewa. Dalilin da ya sa nake rubuta wannan ke nan. Ina gudun kada a manta da ita, ina kuma gudun kada a tuna ta da fuska ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya ce. Ta yi aiki a Babura, aka mayar da ita Roni, daga can Gwiwa, ta dawo gida ta yi ritaya. Gajeriya ce mai saurin tafiya, tabarau rataye da zare a wuyanta, goro kullum a kunci. Ba ta iya sallama doguwa ba. Kana cikin tambayar gajiya da mutanen gida za ta katse ka da, "To, me ke tafe da kai?" Yara na tsoronta har sai sun gano cewa a ƙarƙashin gadonta akwai kwanon dabino da ba a kulle shi.

Yadda aka yi ta zama uwar masu farfaɗiya, a gabana ya faru, ina 'yar firamare a Babura. Ranar kasuwa ce, muna dawowa daga cefane, wata budurwa mai tallar fura ta yanke jiki ta faɗi kusa da murhun mai ƙosai. Jikinta na karkarwa, kumfa na fita a bakinta. Nan take mutane suka dare, ana cewa kada yawunta ya taɓa mutum. Wani kuma na ihun a kawo cokali a danna mata a baki. Gwaggo ta danƙa mini kwandon cefane, ta ja yarinyar nesa da wuta, ta kwantar da ita a gefenta, ta cusa mayafinta a ƙarƙashin kanta. Mai cokali ya iso, ta ture hannunsa. Sannan ta share kumfar da tafin hannunta, ta ɗaga hannun sama tana juyawa kowa ya gani.

"Ga shi nan. Gobe ku zo asibiti ku duba ko na faɗi."

Daga ranar sunanta ya tafi. Bayan ta yi ritaya ma ba a bar ta ta huta ba. Daga ƙauyukan Roni da Gwiwa, har daga tsallaken iyaka, sai ka ga an sauke iyaye da yaro a ƙofar gidanmu. Ba ta ba da magani, asibiti take tura su, amma in an rubuta musu sai sun dawo wurinta ta yi musu bayani. Ba ta faɗa da mai rubutu ko mai ruƙiyya. "Ku sha rubutunku," in ji ta, "amma ƙwayar nan ba ta hutun Juma'a, ba ta hutun Salla."

Duk wannan ina ganinsa ne a matsayin labarin wasu, har ranar da aka aiko daga Islamiyya cewa 'yar farina ta faɗi a aji. Ba ta daɗe da shiga firamare ba a lokacin. Ta sake faɗuwa a gida, muka kai ta asibiti, likita ya ce farfaɗiya ce, ya rubuta magani. Daga can maigidana ya ɗauko mu a babur muka wuce wurin Gwaggo.

Ta kori yarinyar ta je ta yi wasa a zaure. Ta zaunar da mu a tabarma ɗaya, ta cire goron bakinta, abin da ba ta cika yi ba. Ta yi bayanin magani. Ta ce a nesanta ta da murhu, da rijiya, da kududdufi, kada ta yi wanka ƙofa a kulle. Ta nuna mana yadda ake kwantar da mutum a gefensa. Sai ta dube mu.

"Akwai saura. Kuna so ku ji duka, ko iya abin da na faɗa ya ishe ku?"

Maigidana ya ce, "Ai Gwaggo gara mu ji duka."

"To. Akwai wanda ciwon nan kan tafi da shi, ba a wuta ba, ba a ruwa ba. Yana kwance yana barci, a wayi gari babu shi. Ba kasafai ba ne. Yawancinsu suna girma, su yi aure, su ga jikoki. Amma yana faruwa, kuma ya fi samun wanda ake wasa da maganinsa. Na gaya muku ne don kada ku yi wasa."

Na tabbata ta faɗi duk waɗannan kalmomin, domin daga baya ta maimaita mini su sau da yawa. Amma a ranar abu ɗaya kawai kunnena ya ɗauka: a wayi gari babu shi. "Ba kasafai ba" ta wuce ni kamar ba a faɗe ta ba.

Abin da ya biyo baya ba ni da sunan da zan ba shi. Ba kuka nake yi ba. Ina koyarwa a firamare, sai in tsaya da alli a hannu in manta abin da nake rubutawa. In yarinyar ta kwanta da rana, sai in durƙusa ina kallon cikinta ko yana motsi, in ban gamsu ba in tashe ta, ta farka tana kuka tana tambayar laifin da ta yi. Na hana ta zuwa Islamiyya. Na hana ta wasa da 'yan maƙwabta. Tuwo ya sha ƙonewa a tukunya. Zannuwana suka yi mini yawa.

Maigidana ma'aikacin gona ne a ƙaramar hukuma, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya yi ta haƙuri, har wata Juma'a bayan masallaci ya ce in sa mayafi mu je gidan Gwaggo. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya saba, ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Ke uwa ce. Amma kin rushe mini gida."

"Da me?"

"Da maganar da kika yi. Dubi 'yarki yadda ta koma. Likita da kansa bai faɗa mana haka ba. Rai a hannun Allah yake, da mai farfaɗiya da mai lafiya. Mene ne amfanin a ce wa uwa 'yarta za ta mutu?"

"Ban ce za ta mutu ba, Malam."

"Haka ta ji."

"Sai da na tambaye ku. Kai da bakinka ka ce in faɗi duka."

Ya ɗago kai a karon farko. "Wane uba ne za a tambaye shi a kan 'yarsa ya ce ba ya so ya ji? Kin tambaye mu, amma ba mu san abin da muke amsawa ba."

Gwaggo ta dube shi. Ta ɗauki tabarau ta sa, ta cire, ta sake sawa. Daga ƙarshe ta ce, "Ku gai da gida." Ya daɗe bai sake taka gidan ba. In sun haɗu a suna ko biki zai durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, shi ke nan.

Ga abin da har yau ya ɗaure mini kai game da shi. Wannan mutumin da ya ce maganar ba ta da amfani, bai taɓa bari yarinyar ta tsallake ƙwaya ɗaya ba. Akwai lokacin da maganin ya yanke a Kazaure, ya bar aiki da tsakar rana ya hau babur har Babura, bai samu ba, ya wuce wani garin, ya dawo da shi fuskarsa duk ta ƙone. Da ba a tsorata shi ba, zai yi haka? Na taɓa tambayarsa, ya ce in daina neman magana.

Bayan 'yan kwanaki da rigimar, sai ga Gwaggo da ƙullin kayanta da tabarmarta.

"Ni na ɗora miki kayan nan," ta ce, "na zo in kama miki."

Ta zauna da mu kusan damina guda. Da an yi azahar za ta tura ni ɗaki ta ce in kwanta, ita za ta zauna da ƙawarta, haka take kiran yarinyar. A hannunta na fara samun barci. Wata rana na farka na tarar da tsakar gida wayam. Na fita ba takalmi, na same su a bayan gida: yarinyar na tsalle-tsalle da 'yan maƙwabta, Gwaggo na zaune a kan turmi tana yi musu alƙalanci.

"Gwaggo! In ta faɗi fa?"

"Sai mu kwantar da ita a gefenta, ta tashi. 'Yar nan, cewa na yi ki tsare ta daga wuta da ruwa. Ban ce ki tsare ta daga duniya ba."

Ita ta mayar da ita Islamiyya, ta zaunar da malamin ta koya masa abin da zai yi. Ita ta sa ni a mota har wani ƙauye a ƙasar Roni, ta kai ni gidan wata tsohuwa mai saƙar faifai da ke da farfaɗiya tun tana budurwa. Jikokinta sun cika gidan. Tsohuwar ta yi ta ba mu dariya da labarin yadda ta taɓa faɗuwa a gaban surukarta. A hanyar dawowa Gwaggo ta ce, "Wannan ita ce 'ba kasafai ba' ɗin da kika ƙi ji." Na samu sauƙi, ba zan musa ba. Amma ban koma yadda nake a da ba, kuma ban san uwar da ta koma ba.

Sai zancen matar Kanya Babba. Ita da mijinta sun kawo ɗansu, Gwaggo ta gaya musu abin da ta gaya mana. Sun riƙe magani da gaskiya, babu wanda zai ce sun yi sakaci. Duk da haka, bayan wasu shekaru, wata safiya aka je tashin yaron aka tarar ya cika. Na raka Gwaggo gaisuwa. Uban ya tare mu a zaure ya riƙa yi mata godiya.

"Hajiya, da ba ki gaya mana ba, da yanzu ina zargin uwarsa, ko in ce wani ne ya yi masa asiri. Amma na san abin da ya ɗauke shi. Na san kuma mun yi iya yinmu."

Muka shiga ciki. Uwar na zaune a jingine da bango. Ba ta amsa gaisuwarmu ba.

"Kin ce in mun ba shi magani."

"Na ce ya fi sauƙi in ana ba shi. Ban ce..."

"Mun ba shi. Ga shi ya tafi. To shekarun nan da na yi ina kallonsa kamar gawa fa? In yana dariya, ni lissafi nake yi. Ko sau ɗaya ban ji daɗin ɗana ba. Da kin bar ni da jahilcina, da na more shi."

Gida ɗaya, ɗa ɗaya, magana ɗaya aka gaya musu. Muka komo Kazaure. Daga ranar Gwaggo ta daina faɗin wannan ɓangaren na mutuwa. In iyaye sun zo, za ta yi zancen magani da murhu da rijiya, ta ba yaron dabino, ta sallame su suna murna. Ni kaina na ji daɗin haka. Na ce a raina tsufa ya sa ta yi laushi.

Cikin waɗanda ta sallama suna murna akwai wani manomi daga Achilafiya da matarsa. 'Yarsu ta samu sauƙi sosai, ta daɗe ba ta faɗi ba. Ganin haka suka ɗauka ta warke, suka ajiye maganin. Ciwon ya dawo da ƙarfi, kuma bai bar ta ba. Bayan an share makoki uban ya zo. Ba faɗa ya zo yi ba, muryarsa ma da ƙyar take fita.

"Hajiya, kin ce kada mu daina, na sani. Amma mun ɗauka don kada ta riƙa faɗuwa ne. Me ya sa ba ki ce mana yana kisa ba?"

Bayan ya tafi na same ta zaune a bakin gado, carbi a hannu amma ba ta ja.

"Gwaggo, to wanne ne daidai?"

"Da na sani, da na gaya miki. Na faɗa, an ce na kashe uwa da ranta. Na yi shiru, an binne yarinya. Kuma ko da na faɗa ɗin, wa ya ce za ta rayu? Na Kanya Babba ai an faɗa musu." Ta yi ajiyar zuciya. "A makarantar jinya an koya mana yadda ake ɗaure rauni. Wannan kuwa babu wanda ya koya mini."

Ta koma gaya wa iyaye, amma ba kamar da ba. Ba ta ƙara yin maganar a zuwan farko ba. Sai ta tambayi uwar wa ke taya ta aiki, wa take kwana da shi, ko tana da 'yar'uwa a kusa. Sai ta ce su dawo. In ta faɗa, ba ta barin su tashi sai sun maimaita mata "ba kasafai ba" da bakinsu. Bayan mako sai ta hau mota da ƙafarta mai ciwo ta bi su har gida ta ga yadda uwar take. Wasu sun gode. Wasu ba su sake dawowa ba. Ban taɓa jin ta ce ta gano bakin zaren ba, har ciwo ya kwantar da ita.

A jinyarta, 'yar farina ce ta fi kowa zama da ita. Ta zama budurwa, tana ajin ƙarshe a sakandare, ciwon ya lafa ƙwarai ko da yake ba a daina magani ba. Ni da mahaifinta mun yi shawara tun tana ƙarama cewa ba za ta taɓa jin waccan maganar ba. A kan wannan kaɗai ba mu taɓa saɓani ba.

Bayan sadakar bakwai, baƙi sun ragu, muna ɗakin Gwaggo da la'asar muna ninke kayanta don a raba. Maigidana na tsaye a bakin ƙofa yana jiran ya kai mu gida. Yarinyar ta ɗauki wani zani ta riƙe, ba ta ninke ba.

"Umma, kin san na sani, ko?"

"Kin san me?"

"Cewa ciwona yana iya tafiya da mutum cikin barci. Gwaggo ta gaya mini."

Na zauna a kan gado. Mahaifinta ya shigo ɗakin sosai.

"Yaushe?" in ji shi.

"Tun ina aji uku a sakandare, Abba. Ni na tambaye ta. Na ce mata in na farka da safe sai in ga Umma tsaye a kaina tana kallona, in na buɗe ido sai ta yi kamar wani abu take nema. Na ce ta gaya mini abin da Umma ke gani a jikina. Ta ce in je in dawo. Na dawo, ta sake korata. A na uku ta faɗa."

"Ba ki ji tsoro ba?" na tambaye ta.

"Na ji mana. Na yi kwanaki ba na son kwanciya. Amma kafin nan ma ina jin tsoro, Umma, kuma ban san na mene ne ba. Wannan ya fi muni." Ta ninke zanin ta ajiye. "Tun daga lokacin ba sai an tuna mini magani ba. Ba ku lura ba?"

Mun lura. Mun ɗauka hankali ne ya zo mata.

Na duba cikin raina in ga ko haushin Gwaggo nake ji ko godiya, na tarar da su duka biyun, kuma babu wanda ya fi wani. Ta karya mana shawara a bayan idonmu. Ta kuma amsa wa 'yata tambayar da ni uwarta ban ma san tana ɗauke da ita ba.

Mahaifinta ya daɗe yana kallonta. "To me ya hana ki gaya mana tuntuni?"

Ta sunkuyar da kai, tana ɗan murmushi.

"Gwaggo ce ta hana. Ta ce ku ba za ku iya ɗauka ba. Ta ce in bari sai kun ƙara girma."

Dariya ta kuɓuce masa. Ya yi ta yi har ya dafa bango, sannan ya zame ya zauna a ƙasa a gaban gadon Gwaggo, ya rufe fuskarsa da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Yarinyar ta ci gaba da ninke kaya.

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo gare Ka. Ka san abin da ta faɗa da abin da ta haɗiye, Kai kaɗai Ka san wanne ne ya fi. Ka yafe mata inda maganarta ta yi ciwo, Ka saka mata inda ta yi magani, Ka yalwata kabarinta. Mu kuma da ta bari da 'ya'yanmu, Ka ba mu barci.